Tsohon gem ya ƙi ganin sandar wasa a sabuwar kwamfuta: tambayoyi da amsoshi

Yawancin wasannin tuƙin jirgi da na yaƙin sararin samaniya na shekarun 1990 don sandar wasa, wato joystick, aka gina su. Ana iya lallaɓawa da kibod, amma duk wanda ya buga su da sanda a hannu ya san ba ɗaya ba ne. Shi ya sa abin ke da ciwo idan ka girka tsohon gem a sabuwar kwamfuta, hoto ya fito, sauti ya tashi, ka murɗa sanda amma ko gezau. Sau da yawa sandar lafiyarta ƙalau. Kafin motsin hannunka ya isa cikin wasa sai ya ratsa sandar kanta, ya shiga Windows, ya bi hanyar da wasan ya iya tambaya da ita, sannan ya tarar da saitin cikin wasan. A ɗaya daga cikin waɗannan wurare ne saƙon ke maƙalewa. Tambayoyin nan daga tushe suka faro, don haka ko kana zargin wani abu can gaba, fara duba na farkon.

Sandata tana aiki a sabbin wasanni. Me ya sa tsohon ne kaɗai ba ya ganinta?

Saboda kowane zamani da inda wasanninsa ke zuwa neman sanda. A 1981 kamfanin IBM ya fito da wani kati da ake cusawa cikin kwamfuta, mai soket mai fil 15, don na'urorin wasa irin su sanda. Daga baya katunan sauti irin su Sound Blaster suka riƙa zuwa da soket ɗin a jikinsu, har ya zama kusan duk kwamfuta mai sauti tana da shi. Wasan DOS ba ya neman izinin kowa. Kai tsaye yake zuwa adireshin 201h a cikin na'ura ya karanta abin da ke wurin. Kwamfutar yau ba ta da komai a wannan adireshi, sandar USB kuma ba ta ma san da zamansa ba.

Da Windows 95 ya zo, wasanni suka koma tambayar Windows maimakon taɓa na'ura da kansu. Wasu suna bi ta tsohuwar hanyar WinMM, wasu ta DirectInput, wanda ɓangare ne na DirectX. Duka biyun suna nan a Windows 10 da 11, amma kowacce da iyakarta da halinta. A 2005 Microsoft ya kawo wata hanya kuma, XInput, tare da fad ɗin Xbox 360, wato na'urar wasa da ake riƙewa da hannu biyu, kuma wasanni masu yawa da suka biyo baya can suka karkata.

To ka ga sanda ɗaya za ta iya yin aiki a wasan bana ta ƙi yi a na 1997 ba tare da komai ya lalace ba. Abin da ya kamata ka fara sani game da wasanka shi ne shekarar da ya fito, da kuma ko na DOS ne ko na Windows.

Daga ina zan fara bincike?

Daga Windows, kafin ka buɗe wasan. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta joy.cpl, ka danna Enter. Wata 'yar taga za ta buɗe da jerin duk abin da Windows ya ɗauka a matsayin na'urar wasa. Idan sandarka tana ciki, zaɓe ta ka shiga Properties. Za ka ga ɗan gicciye cikin akwati da fitilun maɓallai. Kai sanda kowace kusurwa, danna kowane maɓalli, tura totur gaba ka dawo da shi.

Shin gicciyen yana kaiwa har bango ta kowane ɓangare? Yana komawa tsakiya ya tsaya cak idan ka saki? In haka ne, sanda da Windows sun fita daga zargi, saura wasan. Idan yana rawa ko ya karkata, a shafin Settings akwai Reset to default da Calibrate. Fara da na farkon. Sandunan USB na zamani galibi da saitinsu suke zuwa, kuma tsohuwar daidaitawar da aka taɓa yi da hannu ta fi ɓata su fiye da gyara su.

Shawara ɗaya da nake so ka riƙe har ƙarshe: canja abu ɗaya, gwada, sannan ka taɓa na gaba. Wanda ya girka manhajoji uku a zama ɗaya, ko wasan ya tashi ba zai san wacce ta yi aikin ba, in kuma ya ƙi tashi to ya ɗora sabbin matsaloli a kan ta farko.

Ko a joy.cpl ɗin ma ba ta fito ba.

To maganar wasa ba ta taso ba tukuna. Cire ta daga hob ɗin USB ka jona ta kai tsaye a jikin kwamfuta. Idan fad ne mai kebul da ake cirewa, gwada wani kebul, domin akwai waɗanda caji kawai suke yi, ba su da wayoyin ɗaukar bayanai. Buɗe Device Manager, cire sandar ka mayar kana kallo. Idan wani abu ya fito da alamar motsin rai ruwan ɗorawa, matsalar direba ce: cire shi daga jerin, ka sake jonawa Windows ya girka nasa. Mafi yawan sandunan USB suna bin ƙa'idar HID, ba sa jiran direban kamfani kafin su yi aiki, kuma tsohon faifan direba na zamanin Windows 98 bai kamata ya kusanci Windows 11 ba. Idan kuwa tana fitowa ta ɓace bayan ɗan lokaci, shiga shafin Power Management na USB Root Hub ka cire alamar da ta ba Windows damar kashe ta don tattalin wuta.

Windows yana ganinta, tana motsi daidai, amma wasan ya ce babu sanda.

A tsarin WinMM kowace na'ura tana da lamba, kuma wasanni da dama na wancan zamani lamba ta ɗaya kaɗai suke tambaya, don masu rubuta su ba su ɗauka mutum zai jona fiye da sanda ɗaya ba. Yau kuwa kwamfuta cike take da abubuwan da ke gabatar da kansu a matsayin na'urar wasa: fad ɗin da aka haɗa ta Bluetooth aka manta da shi, feda, totur mai nasa kebul, sandar bogi da wata manhaja ta ƙirƙira, har da wasu kibod da linzamai na 'yan gem. Duk wanda ya riga ya zauna a lamba ta ɗaya, shi wasan zai saurara.

A tagar joy.cpl danna Advanced. A nan ake zaɓar na'urar da za a miƙa wa tsofaffin manhajoji, ƙarƙashin Preferred device. Zaɓi sandarka. Idan bai isa ba, cire duk sauran ka bar ta ita kaɗai, ka sake kunna kwamfuta. Wasannin DirectInput ba lallai wannan zaɓi ya shafe su ba, domin su jerin na'urori suke karɓa, da yawansu kuma ta farkon jerin suke ɗauka. Akwai wata ƙaramar manhaja mai suna devreorder da ke sake jera su ko ta ɓoye waɗanda ba a so.

A jona sanda kafin a kunna wasan, domin tsofaffin wasanni sau ɗaya suke dubawa, lokacin tashi. Wasu ma, kamar X-Wing Alliance na 1999, ba sa barinka ka shiga sai sun ga sanda. Kar kuma ka manta da saitin wasan kansa. Da yawa suna zuwa da sanda a kashe, wasu kuma a wata manhajar saiti ta daban suke ajiye zaɓin, ba a menu na ciki ba.

Wasana na DOS ne, a DOSBox nake kunna shi. Me zan taɓa?

Windows mai bit 64 ba ya kunna manhajojin DOS, Windows 11 kuma mai bit 64 kaɗai ake yi, don haka DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon kwamfutar DOS, ko wani ɗan'uwansa ya zama dole. Aikinsa shi ne ya ƙirƙiri adireshin 201h na bogi, ya riƙa zuba masa abin da sandar USB ɗinka ke faɗa. Jona sanda tukuna sannan ka buɗe shi. A tagar bayanai da ke buɗewa tare da shi zai rubuta sunan sandar da ya samu. In babu wannan layi bai gan ta ba, in kuma sunan wata na'ura ce daban to ka gano wadda ta tare wurin.

Tsohon soket ɗin layukan motsi huɗu da maɓallai huɗu kacal yake ɗauka. Hagu da dama layi ɗaya ne, gaba da baya layi ɗaya, an kuma tsara shi ne don sanduna biyu, kowacce layi biyu da maɓalli biyu. A fayil ɗin saitin DOSBox, a sashen joystick, akwai layin joysticktype. Idan yana auto kuma DOSBox ya ga na'urori biyu, sai ya ɗauka 'yan wasa biyu ne ya koma 2axis, ya raba musu. Nan ne totur da maɓalli na uku da na huɗu ke ɓacewa. Sa 4axis don a tattara komai a sanda ta farko, ko 4axis_2 idan taka ce ta biyu a jeri.

Wasu zaɓi biyu na wannan layin, fcs da ch, suna da tarihi. Kamfanonin Thrustmaster da CH Products kowanne ya nemo dabarar cusa ɗan maɓallin kallo na saman sanda cikin wannan ƙunci. Thrustmaster ya sadaukar da layin motsi na huɗu, kowace kusurwar maɓallin da nata matsayi a kan layin. CH kuwa ya mai da kowace kusurwa tamkar an danna wasu maɓallai a haɗe, shi ya sa a tsarinsa ba a danna maɓallai biyu tare. Abin da ka zaɓa a DOSBox dole ya dace da abin da ka zaɓa a SETUP ko INSTALL na wasan. In DOSBox yana aiko da na CH, wasan yana jiran na Thrustmaster, maɓallai za su riƙa yin abin da ba ka sa su ba.

Akwai tarkuna biyu da ke cinye wa mutane lokaci. Idan ka taɓa danna Ctrl+F1 ka adana rabon maɓallai, DOSBox ya rubuta fayil ɗin mapper, kuma zai ci gaba da binsa ko ka canja joysticktype. Goge shi ko ka matsar da shi. Na biyu, wasannin DOS da aka saya a GOG, shagon wasanni na intanet, da nasu DOSBox suke zuwa, fayilolin saitinsu masu ƙarewa da .conf kuma suna cikin foldar wasan. Gyara babban fayil na DOSBox ɗin da ka girka da kanka ba zai taɓa su ba.

Wasan ya ga sanda, amma jirgi yana karkata da kansa, ko alama tana gudu zuwa kusurwa.

Nan sai an fahimci yadda tsohuwar sanda ke ba da labari. A cikinta kowane layin motsi yana da abin juyi mai ƙara ko rage tirjiyar wuta, irin bolum ɗin tsohuwar rediyo, daga sifili zuwa wajen ohm 100,000. Katin ba ya aiko da lamba. Wasan ne ke taɓa adireshin, wata 'yar kafasita ta fara cika, shi kuma ya riƙa ƙirga har ta kai. Idan sanda tana ƙarshen hagu ƙirgan gajere ne, idan tana ƙarshen dama ya yi tsawo, kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Yawan abin da wasan ya ƙirga a wannan ɗan lokaci ya dogara da saurin kwamfuta. Shi ya sa wasannin DOS ke cewa ka kai sanda sama ta hagu ka danna, ka kai ta ƙasa ta dama ka danna: ƙirgan wannan kwamfutar suke koya.

A DOSBox sauri ba tsayayye ba ne idan layin cycles, mai saita saurin kwamfutar bogin, yana auto ko max. Ka daidaita sanda a menu da wani sauri, ka shiga fagen daga sauri ya canja, tsakiya ta ƙaura. Nemi saurin da wasan ke tafiya sumul da Ctrl+F11 da Ctrl+F12, rubuta wannan lamba bayan cycles=fixed, sannan ka sake daidaitawa a cikin wasan. Idan har yanzu tana zamewa, juya layin timed daga true zuwa false, ko akasin haka. Wasu wasanni wannan suke so, wasu wancan, kuma duk lokacin da ka juya shi sai ka sake daidaitawa, in ba haka ba za ka yanke wa saiti mai kyau hukunci da tsohon awo.

Akwai kuma batun siffa. Tsofaffin sanduna cikin murabba'i suke yawo, suna kaiwa kusurwa sosai. 'Yan sandunan babban yatsa na fad kuwa da'ira suke yi, ba sa isa kusurwa, don haka awon sama ta hagu yakan fito a gajarce. DOSBox Staging, wani sabon reshen DOSBox, yana da circularinput don wannan, da deadzone wanda ke sa a yi biris da 'yar rawar da ke kusa da tsakiya. Wannan kaɗai ya isa dalilin komawa gare shi daga ainihin DOSBox, siga ta 0.74-3 ta 2019.

Idan kuwa rawar tana nan a joy.cpl ma, to daga jikin sandar ne. Abin juyin ya yi datti ko ya cinye. Ruwan fesa na wanke mahaɗar wuta yakan taimaka, tsofaffin sanduna kuma suna da 'yan ƙafafun saiti a gefe da ake murzawa a dawo da tsakiya.

Da fad ɗin Xbox ko na PlayStation nake so in buga. Me ya sa yake hauka?

Fad ɗin Xbox don XInput aka yi shi. Windows yana nuna shi ga DirectInput ma, amma a taƙaice. Kunamu biyun nan na baya ana haɗe su a layin motsi ɗaya, ɗaya na ja sama ɗaya na ja ƙasa, in ka matsa su tare su soke juna. Girgiza ma ba ta aiki ta wannan hanya. A wasan tseren mota ba za ka iya haɗa birki da totur ba, a wasan jirgi kuma ana iya ɗaukar layin a matsayin totur da ya maƙale a rabi.

Na PlayStation 4 nasa daban. Kowace kunama da layinta, amma a ƙarshen layin suke hutawa, ba a tsakiya ba. Tsohon wasa da ya ɗauki wannan layi don juya kallo zai ga kamar kana tura sanda har ƙarshe ba ka saki ba, allo ya yi ta juyawa.

Manhajoji irin su Xidi da XInput Plus suna tsayawa tsakanin wasa da Windows su nuna fad ɗin a siffar da tsohon wasa zai gane. Ana ajiye fayil ɗinsu, irin dinput.dll ko dinput8.dll ko winmm.dll, kusa da ainihin fayil ɗin .exe na wasan, ba kusa da manhajar da ke ƙaddamar da shi ba idan foldarsu daban. Tsofaffin wasannin Windows masu bit 32 ne ko da Windows ɗinka mai 64 ne, don haka ɗauki sigar 32. Kuma daga shafin masu manhajar kaɗai za ka sauke. Fayil ɗin dll yana shiga cikin wasa da duk ikon da wasan ke da shi, bai kamata a ɗauko shi daga shafukan tara-gurbi ba.

Nawa akasin haka ne: wasan na bayan 2005 ne, sandar ce tsohuwa.

Mai yiwuwa XInput kaɗai wasan ya sani, sandarka kuma ta DirectInput ce. Manhajar x360ce tana sa ta bayyana a matsayin fad ɗin Xbox 360. Sai dai XInput maɓallai goma, 'yan sanduna biyu, kunamu biyu da maɓallin kusurwoyi yake da su, don haka sanda mai maɓallai ashirin dole ta bar wasu a waje.

Shin Steam na iya zama sanadi?

Ƙwarai. Steam manhajar saye da kunna wasanni ce, kuma tsarinsa na Steam Input yakan karɓe na'ura ya miƙa wa wasa fad ɗin Xbox na bogi a madadinta. Wannan alheri ne ga sabon wasa, amma wasan DirectInput yakan rasa sandar gaskiya ko ya ga na'urori biyu. Danna dama a kan wasan, shiga Properties, sai Controller, ka zaɓi Disable Steam Input. Ko wasan ba na Steam ba ne, muddin Steam yana buɗe a bayan fage yana iya mai da motsin fad motsin linzami. Rufe shi gaba ɗaya ka gwada. Haka ma DS4Windows, mai nuna fad ɗin PlayStation a matsayin na Xbox, da ire-irensa.

Ina da ainihin tsohuwar sanda mai fil 15. Za ta yi aiki?

Za ta iya, kuma tana da darajar a gwada, don wasu sandunan wancan zamani sun fi na yanzu da yawa ƙarko. Tun Windows Vista Microsoft ya daina tallafa wa wannan soket, saboda haka ko ka samo katin sauti mai shi, babu direba. Hanyar ita ce adafta mai mai da shi USB, kuma a nan sai ka san irin sandarka.

Idan mai sauƙi ce, layi biyu zuwa huɗu da maɓallai huɗu, adafta mai 'yar ƙwaƙwalwa a ciki za ta auna ta ta miƙa wa Windows. Wasu adaftocin suna da makunnin zaɓi tsakanin tsarin CH da na Thrustmaster. Amma daga tsakiyar shekarun 1990 kamfanoni sun fara aika bayanan dijital ta wayoyin maɓallai, kowa da nasa tsari: Microsoft a jerin SideWinder, Logitech a wasu WingMan, Gravis da GrIP. Adaftar gama-gari ba ta fahimtar waɗannan. SideWinder 3D Pro na 1995 yana da rangwame, domin yana iya komawa tsohon tsari, da makunni a jikinsa na kwaikwayon CH ko Thrustmaster. Ga sauran, masu sha'awar tsofaffin na'urori sun ƙera adaftoci da allon Arduino waɗanda suka san tsare-tsaren.

Akwai kuma 'yar guntuwar adafta da ta zo a kwalin wasu sanduna. Wayoyi ne kawai a cikinta, sandar ce da kanta ta iya USB. Ba za ta yi wa wata sanda aiki ba.

A kula: soket ɗin sanda fil 15 ne a jeri biyu, na allo na VGA fil 15 a jeri uku. Tsofaffin katunan sadarwa kuma suna da soket na AUI mai kama da na sanda sak, yana ɗauke da wuta bolt 12. Kar a jona sanda a wurin.

Sanda daban, totur daban, feda daban. Wasan ɗaya kawai yake gani.

A da duka ukun a soket ɗaya suke haɗuwa, wasan ya gan su a matsayin na'ura guda. Yau kowanne da kebul ɗinsa na USB. Sai a sake haɗe su da manhaja. vJoy yana ƙirƙirar sandar bogi, Joystick Gremlin yana ɗaukar motsin na gaskiyar ya zuba a cikinta, HidHide kuma yana ɓoye na gaskiyar daga idon wasan don kar ya ruɗe. A HidHide sai ka sa Joystick Gremlin cikin waɗanda aka yarje wa gani, in ba haka ba shi ma zai makance.

Kar ka cika wa sandar bogin kaya. WinMM layuka shida da maɓallai 32 yake iya kaiwa, tsohon tsarin DirectInput layuka takwas da maɓallai 32, wasan kansa kuma wataƙila huɗu da huɗu ya sani. Gina ta daidai da abin da wasan ke jira: layi na ɗaya da na biyu sanda, sannan totur da feda. Idan waɗannan biyun suka musanya wuri a DOSBox, swap34 ne maganinsu.

Wasan yana rufewa ko ya daskare da zarar ya tashi, amma in na cire na'urorin USB sai ya yi aiki.

Ruwa ba ya tsami banza. Wasan yana ƙidaya na'urori ne lokacin tashi, ya ci karo da wadda ta fi ƙarfin wurin da aka tanadar mata, mai maɓallai da yawa ko wadda ba ta wasa ba ce sam. Mayar da su ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai laifin, sannan ka ɓoye ta da HidHide. Ga wasannin da ke amfani da DirectInput na kafin siga ta 8, dinputto8 yana karkatar da kiransu zuwa sabuwar sigar, kuma hakan yakan warware wasu daga cikin irin waɗannan.

Compatibility mode fa?

Ba laifi a gwada, amma kar a sa rai sosai. Yana sa Windows ya yi wa wasa da'awar shi tsoho ne, yana taimakawa wajen girkawa da hoto. Ba ya dawo da soket mai fil 15, ba ya kuma canja jerin na'urori.

A Linux nake, da Wine ko Proton.

Wine da Proton su ne ke kunna wasannin Windows a Linux, kuma tsarin binciken ɗaya ne, kayan aikin ne suka bambanta. Linux yana nuna sanda ta fuska biyu: tsohuwar, /dev/input/js0, da sabuwar, fayilolin event da ke wannan folda. Gwada ta farko da jstest, ta biyu da evtest. Idan evtest yana aiki da sudo kaɗai, matsalar izini ce, ana gyara ta da dokar udev, tsarin da ke raba izinin na'urori a Linux. Duba kuma wace ce ta zauna a js0, domin wasu kibod da linzamai marasa waya suna fitowa a matsayin sanda su tare wurin.

Daga nan rubuta wine control joy.cpl. Wine yana da tasa tagar, inda ake gwadawa da kashe na'urorin da ba a so. Idan ya jefa sandarka cikin rukunin XInput alhali wasan na DirectInput ne, maɓallin Override yana dawo da ita. Fayilolin dll da ka ajiye a foldar wasa kuma ba lallai Wine ya ɗauke su ba sai ka faɗa masa a shafin Libraries na winecfg.

Wasan ba shi da zaɓin sanda ko kaɗan.

Sai a mai da sanda kibod. JoyToKey a Windows, ko AntiMicroX a Windows da Linux, suna fassara kowane motsi zuwa danna wani harafi. A DOSBox ba ka buƙatarsu, Ctrl+F1 yana yin aikin. Idan ana kunna wasan da ikon admin, manhajar ma sai an kunna ta da shi, domin Windows ba ya barin manhaja mai ƙaramin iko ta aika wa mai babba dannawa. Abin da za ka rasa shi ne laushin juyi: harafi ko an danna shi ko ba a danna ba, babu rabi. Ga wasan tsalle-tsalle ba komai, ga wasan jirgi gara a mai da sandar linzami idan wasan yana karɓar linzami.

Na gwada duk wannan, wasan zamanin Windows 95 ko 98 ɗin ya ƙi.

Duba ko an sake gina injin wasan. Kamfanonin wasu wasanni sun saki lambobin asali da aka rubuta wasan da su, masu sha'awa suka ci gaba da su. FreeSpace 2 na 1999 an saki nasa a 2002, daga nan FreeSpace Open ya fito. Descent na 1995 yana da DXX-Rebirth. Waɗannan suna amfani da fayilolin wasan da ka mallaka, amma suna karanta sandunan zamani kai tsaye, kuma in akwai irinsu ga wasanka su nake ba da shawarar a fara nema kafin a shiga wahalar dll.

In babu, 86Box da PCem suna kwaikwayon tsohuwar kwamfuta sukutum, da katin sauti da soket ɗin sanda. A saitinsu za ka zaɓi irin sandar da za a nuna wa na'urar bogin, misali CH Flightstick Pro ko Thrustmaster FCS, ka haɗa layukanta da na sandarka ta USB. Sai ka girka Windows 98 naka a ciki, ka shiga Control Panel ɗinsa ka ƙara sandar ka daidaita ta kamar yadda ake yi a lokacin. Suna buƙatar kwamfuta mai ƙarfi, musamman in za a kwaikwayi Pentium II. Idan sauti ya fara yankewa, alama ce kwaikwayon ba ya kai cikakken sauri, kuma awon sanda ma zai iya zamewa. Sauko da furosesan bogin zuwa mai ƙaramin gudu, sannan ka sake daidaita sandar a cikin Windows 98 da kuma cikin wasan.